Abzin cikin tarihin mulki: daga sarautar Agadas zuwa jaha

Duwatsun da ke arewacin Nijar suna da suna biyu. Mazaunansu na ce masu Ayar, abin da Faransawa suka rubuta Aïr. Hausawa kuwa na cewa Abzin ko Azbin, daga nan ne aka samu kalmar Abzinawa. Amma tun samun ƴancin kai, takardun gwamnati ba su kiran yankin da ɗaya daga cikin sunayen nan sai da sunan Agadas, birnin da ke zaune a gindin duwatsun ta wajen kudu. Wanga al'amari ba na suna kaɗai ba ne. Duk wanda ya mulki Abzin daga gindinta ya mulke ta, kuma wannan ya shafi harshen da hukuma ke magana da shi da talakawanta.

Tarihin da aka adana a Agadas ya nuna cewa an kafa sarautar wajen shekara ta 1405, da Sarki Yunus, lokacin da manyan ƙungiyoyin Abzinawa suka nemi wanda zai riƙa raba gardama tsakaninsu. Fada ta yi ƙaura kafin ta zauna a Agadas cikin ƙarni na 15. Abin lura shi ne sarkin ba shi da ƙabila tasa ta kansa, ba shi kuma da rundunar da ta fi ta waɗanda suka naɗa shi, don haka sukan tuɓe shi in sun ga dama. Ikonsa a kan hanya yake, da kasuwa, da shari'a: fiton ayarin da ke fitowa daga Gat da Gadamas zuwa Katsina da Kano, da ayarin gishirin Bilma da Fashi. Cikin duwatsu kuwa, maganar Anastafidat, shugaban Kel Ewe, takan fi ta sarki nauyi. Wato sarauta ce ta mutane da rijiyoyi da hanyoyi, ba ta fili mai iyaka ba.

Fuskar wannan fada kudu take kallo. Gobirawa na riƙe da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka sauko. A 1674 Agabba, ɗan Sarki Muhammadu Mubarak, ya ci Adar, kuma daga zuriyarsa sarakunan Adar suka fito. Sarautun fada da yawa irin na ƙasar Hausa da Barno ne, kamar Galadima da Magajiya, ga kuma Sarkin Turawa mai kula da fatake Larabawa, tun kafin kalmar Bature ta koma kan mutanen Turai. Da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Agadas a 1850, ya tarar ana magana da wani karin harshen Songai, gadon zamanin da Askiya Muhammadu ya ci birnin a farkon ƙarni na 16. Wannan kari ya ɓace, Hausa ta gaje shi. Danginsa na kusa da ya rage shi ne Tasawak na Ingal. Rubutun fada dai da Larabci ake yin sa.

Ayarin sojan Foureau da Lamy ya ratsa duwatsun a 1899 a kan hanyarsa daga Aljeriya zuwa Damagaram. Faransawa sun shiga Agadas a 1904, suka kafa bariki na dindindin a 1906, shekarar da suka kama Bilma. Nan take sai wata tambaya ta taso, wadda sarakunan Abzin ba su taɓa bukatar amsarta ba: ina ƙasar ta ƙare? Gardamar ma ba da wata daula aka yi ta ba, tsakanin Faransawa ne ya-su-ya-su, sojan Aljeriya da ke saukowa daga Ahaggar da sojan Afirka ta Yamma da ke hawowa daga kudu. Yarjejeniyar 1905 da ta Yamai ta 1909 su ne suka ja layi tsakaninsu, kuma wannan layi na cikin gida shi ya zama iyakar ƙasa da ƙasa, wadda Nijar da Aljeriya suka tabbatar a 1983. Da haka Abzin, wadda take tsakiyar hanya, ta wayi gari a matsayin bakin iyaka.

An mai da Agadas cercle a hannun kumandan soja, mai karɓar umurni daga Damagaram, inda hedikwatar ƙasar take daga 1911 zuwa 1926. Kumandan ya ƙidaya mutane don lanho, ya karɓi raƙuma don sufurin soja, ya kasa makiyaya rukuni-rukuni, kowane da shugaban da za a kama in kuɗi ba su shigo ba. Sakamakon bai daɗe ba. A watan Disamba na 1916 Kawsan ya kewaye barikin Agadas da goyon bayan Sarki Tagama, ba a kuwa buɗe shi ba sai a watan Maris na 1917, da taimako ya iso daga Damagaram. Ramuwar ta yi muni: an kashe malamai a cikin birni, an kwashe dabbobi, an fitar da mutane daga kwaruruwan duwatsu, da yawa suka gudu Damargu da Kano. An kashe Kawsan a 1919 a yankin Murzuk, Tagama kuma ya mutu a kurkuku a 1920. Daga nan sarauta ta zama abin da kumandan ke bayarwa. Ko bayan da Nijar ta zama mallaka mai gwamna a 1922, arewa ta daɗe a hannun soja da ƴan sintirinsu na raƙuma. Tsakanin kumandan da Ba'abzine kuwa akwai tafinta, sau da yawa da Hausa.

A 1957 Faransa ta kafa OCRS, hukumar da aka so ta haɗe yankunan Sahara na Aljeriya da Sudan ta Faransa da Nijar da Cadi, har da arewacin Agadas da Bilma. Shirin ya mutu bayan ƴancin Aljeriya a 1962, amma ya bar wa Yamai zargi game da arewa wanda ya daɗe bai gushe ba. Gwamnatin Diori Hamani ta buɗe ma'aikatar harkokin Sahara da makiyaya, sa'an nan dokar 1964 ta raba ƙasa jahohi bakwai, Agadas ɗaya daga cikinsu, da Bilma a ƙarƙashinta. Jaha ce mai faɗin murabba'in kilomita 667.799, fiye da rabin Nijar, alhali ko a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba.

Abin da ya sake zana taswirar mulki bayan wannan ma'adinai ne. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta fara a 1978, ta rufe a 2021. Arlit, garin da aka gina domin ma'aikata, ta zama gunduma, haka ma Cirozerin kusa da gawayin Anu Araren. Duk biyun suna yamma da duwatsu, a fili, kan titin da ke zuwa Tawa. Mutanen Timiya da Tabelot da Bagzan, masu lambuna da awaki, in suna bukatar takardar haihuwa sai su sauko. Nisan hukuma da rabon arzikin ƙasa na cikin ƙorafin ƴan tawayen da suka ɗauki makamai a farkon shekarun 1990, kuma yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta yi alkawarin sakar wa yankuna iko. Dokokin 2002 sun ɗaga jahohi zuwa régions, gundumomi zuwa départements, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004. Sai a 2011, bayan tawaye na biyu na 2007 zuwa 2009, Iferwan ta zama département tare da Ingal da Adarbisanat: gunduma mai hedikwata a cikin duwatsun kansu.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, wannan tarihi na da amfani kai tsaye. Wanda ya auna harshen jaha daga hedikwatocinta zai ce Abzin ƙasar Hausa ce, domin Hausa ake ji a kasuwar Agadas da unguwannin Arlit. Ba ƙarya ba ce, amma awo ne na gindin dutse. A kwaruruwa Tamajak ce harshen gida, da rubutunta na Tifinar wanda mata da yawa suka iya ba tare da sun shiga lakkol ba. A Kawar akwai Barebari da Tubawa. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, har da Tamajak da Tasawak. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ware Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya lissafa sauran cikin harsunan da ake magana da su a Nijar. A Iferwan, wannan na nufin mai lambun da ya zo gaban hukuma da Tamajak zai iya tarar da takarda cikin harsuna biyu ko uku, babu nasa a ciki.