Ganyen Mulberi da Ciwon Sukari

Tun dubban shekaru mutanen ƙasar Sin ke kiwon tsutsar siliki da ganyen bishiyar mulberi. Littafin magunguna na Li Shizhen, wanda aka buga a 1596, ya ambaci dafa ganyen a sha domin kashe ƙishirwar da ba ta yankewa, wadda a yau muke gani ga masu ciwon sukari. Bai yi kuskure ba. A 1976 masana a Japan suka tsamo daga bishiyar wani sinadari mai rage shigar sukari daga hanji zuwa jini. Daga irinsa aka haɗa maganin miglitol. To, in kana shan glibenclamide ko kana allurar insulin, sanar da likitanka kafin ka fara shayin mulberi, kada sukarinka ya faɗi fiye da kima.