Kunnen Karen Farauta a Ƙasar Rano

A Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, kare abokin mafarauci ne tun zamanin kakanni, amma likitancin dabbobi ya daɗe bai waiwaye shi ba. Da Turawa suka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, shanu ne a ransu, domin daga shanu jangali yake fitowa. Kare kuwa ba ya kawo wa baitulmali ko anini.

Saboda haka kunnensa ya zauna a hannun mai shi. Kaska takan lafe a cikin lungun kunne, ƙudaje su ciji bakinsa har ya zama gyambo, musamman da damina. Maganin gida shi ne cire kaska da hannu, daga baya aka shigo da baƙin mai, wanda ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Karen da kunnensa ya ruɓe kuwa ba ya jin kiran ubangidansa a daji.

Sauyi ya zo da ivermectin, wanda ya shiga kasuwa a 1981, yana kashe ƙananan ƙwarin da ke damun kunnen kare da kyanwa. Sai dai ba ya warkar da kunnen da ya riga ya yi mugunya. Wannan sai an wanke, likita ya duba dodon kunne kafin a ɗiga magani.