Amsoshin Wasiƙunku: Ina Asalin Babbar Sallah da Layya?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Riruwai, garin kuza, a ƙaramar hukumar Doguwa. Mai wasiƙar manomin masara ne, ya ce a ba shi tarihin Babbar Sallah, kuma a gaya masa ko dole ne ya yi layya alhali kuɗin da ke hannunsa na taki ne. To Malam, mun gode, ga amsa.

Asalin layya yana komawa ga Annabi Ibrahim, alaihis salamu. Ya ga a mafarki yana yanka ɗansa, mafarkin annabawa kuwa wahayi ne. Da ya shawarci yaron, watau Annabi Isma'il, sai ya ce wa mahaifinsa ya zartar da abin da aka umarce shi. Da ya kwantar da shi, sai Allah Ya fanshe shi da rago. Labarin yana cikin Suratus Saffat, aya ta 102 zuwa 107. Ka lura da kyau, abin da aka gwada a nan biyayya ce.

A musulunci an shar'anta layya a Madina, shekara ta 2 bayan Hijira, daidai da 624 Miladiyya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, ya yanka da hannunsa. Ranar ita ce 10 ga Zulhajji, washegarin tsayuwar Arfa, lokacin da alhazai suke yanka hadayarsu a Mina. Ita kalmar "layya" daga Larabci take. Malamanmu na dā sukan furta harafin "ladi" kamar "l", shi ya sa muka sami alwala, alƙali, larura, da kuma layya. 'Yan'uwanmu na Nijar da Sanagal sukan ce Tabaski, Yarbawa kuma su ce Ileya.

Yaya aka yi ta zo ƙasarmu? Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa daga Mali ne suka kawo musulunci fada zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Amma sai zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a Kano, a wani wuri da ake kira Shadakoko. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano. Daga baya hawan dawakai ya haɗu da Sallah, irin su Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, har a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Sai dai hawa al'ada ce, Idi da layya su ne ibada.

Dokokin yanka kuwa, galibinmu a littafin Risala na Ibnu Abi Zaid muka koye su, bisa mazhabar Malikiyya. Rago ya fi falala, sai akuya, sai saniya, sai raƙumi. Rago ya cika shekara, ko da yake akwai ƙaulin wata 8 ko 10. Akuya ta shiga shekara ta 2, saniya ta 4, raƙumi ta 6. Ba a yi da mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko maras lafiya, ko ramammiya. Ba a yanka sai liman ya yanka nasa. Wanda ya riga shi, nama kawai ya ci. Kwanakin yanka 3 ne, kuma da rana. Ba a sayar da naman ko fatar, ba a kuma biyan mahauci ladansa da su. 'Yan kasuwa masu bin gida-gida neman fata, a kiyaye wannan.

Sauran abubuwan namu ne na gargajiya. Mata su turke rago tun watanni suna ba shi dusa da harawa. Ran jajibere a yi kitso da lalle. Bayan an sauko Idi a fara da hanta, a rataye naman ya sha iska, washegari a yi rabo da suya, yara su fita yawon barka da Sallah. A gidaje da yawa akan ajiye kan rago ko jelarsa har ranar cika-ciki, 10 ga Muharram.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Shekarar musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, don haka Sallah takan zaga damina, kaka da rani cikin shekara 33. A 2023 an yi ta 28 ga Yuni, a 2024 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni, watau daidai lokacin shuka da neman taki daga Doguwa har Tudun Wada, Kiru da Bebeji. Layya sunna ce mai ƙarfi, amma a kan mai hali. Malaman Malikiyya sun ce mai hali shi ne wanda ba zai buƙaci kuɗin dabbar ba wajen larurarsa ta wannan shekara. Kai kuwa takin nan shi ne abincin iyalinka. Kada ka ci bashin da zai kai ka sayar da masara tun tana gona don gudun maganar maƙwabta. In akuya ce daidai ƙarfinka, ta isar maka da mutanen gidanka duka. In babu, ka shiga watanda don yara su sami nama, sai dai ka sani a Malikiyya haɗa kuɗi ba ya zama layya, ko da yake wasu mazhabobin sun yarda mutum 7 su haɗu a saniya. Ka tuntuɓi limamin garinku don ƙarin bayani.

Ku kuma da Allah Ya hore wa, ku tuna da irin wannan maƙwabci ranar rabo, tun kafin ƙamshin suya ya isa gidansa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya maimaita mana. Sai mun ji daga gare ku.