Furosesa Core i5-2500K: mi ne ne shi, mi yake iyawa, kuma ko ya dace a ƙara mishi gudu?

Jama'a masu saurarenmu na karkara, da ku ƴan uwa da ke zaune ƙetare, wannan bayani na mai shirin sayen kwamfutar tebur ta hannu ne, ko wanda wani nashi zai aiko ma ita daga Faransa, Beljiyam ko Amurka. Sau da yawa mai sayarwa zai buga ƙirji ya ce: "Alhaji, wagga i5 ce, kuma mai K ce, ana ƙara mata gudu." Daga faɗin haka sai kuɗi ya tashi. To bari mu warware zancen da misalin furosesa guda da ya yi suna ƙwarai, wato Core i5-2500K na kamfanin Intel.

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɗan abu ne mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin kwalin ashana ba, yana zaune bisa babban allon da masu gyara ke kira kart-mer. Duk wani lissafi na injin nan ne ake yin shi. Abu biyu ake fara dubawa gare shi: yawan zuciyoyinshi da gudunshi. Ku ɗauki zuciya kamar mace mai daka. Furosesa mai zuciya huɗu mata huɗu ne, kowace da turminta. In hatsin mai rabuwa ne, aiki ya ƙare da wuri. In ko aikin na turmi guda ne, sai ukun su zauna kallo, a nan saurin taɓaryar guda ɗayar ne ke da amfani. Wannan sauri shi ne ake aunawa da GHz: 1 GHz na nufin bugu miliyar guda cikin daƙiƙa ɗaya.

An fitar da 2500K a watan Janairun 2011, cikin jerin da Intel ta sa ma suna Sandy Bridge. Zuciya 4 gare shi, gudunshi na asali 3.3 GHz, kuma shi da kanshi yana iya ɗagawa har 3.7 GHz in zuciya guda ce ke aiki. Yana tafiya da RAM irin DDR3, yana shiga gurbin da ake kira LGA1155, an kuma ƙiyasta zafin da yake fitarwa a wat 95. Kuɗinshi lokacin da ya fito dala 216 ta Amurka, wajen jika 100 ke nan na sefa a canjin wancan zamani. Yayanshi i7-2600K dala 317 ne, amma a wasannin kwamfuta tazararsu ba ta da yawa, shi ya sa mutane suka yi ca a kan ƙaramin. Akwai waɗanda suka shekara bakwai, takwas ba su canza shi ba.

Sirrin yana ga harafin K ɗin nan. Kart-mer na bada bugu na asali 100 MHz, furosesa kuma ya ninka shi da wani adadi. A 2500K adadin 33 ne, 100 sau 33 ya bada 3300 MHz, wato 3.3 GHz. A furosesa marar K kamfani ya ƙulle wannan adadi, ba ya wuce wata iyaka. A mai K an bar shi buɗe. Sai mutum ya shiga BIOS, shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ya tashi, ya maida 33 ya koma 40, ko 45. Shi ke nan, injin ya koma 4.5 GHz. Wannan shi ne abin da matasa ke kira obaklok. Galibin 2500K na kai wa 4.4 ko 4.5 GHz ba da wata wahala ba, ƙari ke nan na wajen kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an sayi sabon furosesa ba. Wani dalilin da ya sa yake jurewa: an liƙe murfinshi da dalma, zafi na fita da sauƙi. Wanda ya biyo bayanshi a 2012, i5-3570K, an sa mishi wani irin man shafawa a madadin dalma, sai ya fi ɗaukar zafi in an matsa mishi.

Amma ga inda ake cutar mai saye. K kaɗai bai isa ba, sai kart-mer ɗin ta yarda. Masu lamba P67, Z68 ko Z77 su ne ke barin a taɓa adadin. Masu H61 ko H67 ba su bari. Kwamfutocin ofis kuwa, irin su Dell OptiPlex da HP da ke shigo muna tuli-tuli, BIOS ɗinsu ba shi ma da wurin wannan saiti, kuma mafi yawansu furosesa marar K ke ciki. Ko da an soka 2500K cikin irin wannan akwati, gudun da kamfani ya sa mishi zai yi, ba ƙari. Wanda ya biya kuɗin K a nan ya biya kuɗin harafi ne kawai.

A ce ma komi ya dace, allo mai Z ne, furosesa mai K ne. Saura zafi, kuma mu a ganinmu nan ne babbar magana. Gudu in ya ƙaru sai an ƙara ma furosesa ƙarfin kuran, daga wajen bolt 1.2 zuwa wajen 1.3. Ƙari ne kaɗan a ido, amma zafi ba haka yake lissafi ba: yana bin gudun, yana kuma bin ƙarfin kuran ninki biyu. A lissafin sama-sama, a 4.5 GHz injin na iya fitar da zafin da ya ɗara na asali da wajen rabi. Ƴar fankar da Intel ke haɗawa da shi ba ta iya wannan aiki, sai an sayi babba mai bututun tagulla. Wanda ya wuce bolt 1.4 kuwa yana rage ma furosesa kwana.

Waɗanda ke nuna wannan bajinta a YouTube galibi cikin ɗaki mai digiri 20 ko 22 suke. Zafin furosesa kuwa bisa zafin ɗaki yake hawa. Injin da ya tsaya digiri 70 a can, in an kawo shi shago mai rufin kwano a Maraɗi, Damagaram ko Tawa cikin watan Afrilu, inda iska ke wuce digiri 40, zai kusan kai 90. A digiri 98 shi da kanshi ke rage gudu don kar ya ƙone, abin da aka nema ya ɓace ke nan. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin fanka kamar an shafa laka. Ga kuran mai zuwa yana komawa. Mai aiki da panno da batir shi ma ya sani, kowane wat da aka ƙara daga batirinshi yake fita. Mu da ke haɗa shirye-shirye a kwamfuta mun san ɗacin injin ya tsaya cak a tsakiyar aiki kafin a adana, hira ta awa guda ta salwanta. Injin da aka matsa ma gudu fiye da ƙarfinshi haka yake yi, ba ya sallama.

To yau nawa ne darajarshi? Don buga takardu, Word da Excel, shiga intanet, zuba waƙoƙi da wa'azi a kat-memwar, ko gyaran sauti da Audacity, 2500K har yanzu ya isa, ko ba a ƙara mishi komi ba. Gyaran bidiyo mai nauyi da sabbin wasanni kam sun fi ƙarfinshi, wasu ma ba su tashi sam, saboda suna neman wani tsarin lissafi mai suna AVX2 wanda sai 2013 Intel ta fara sa shi. Ƙaramin Core i3-12100 na 2022, shi ma zuciya 4, ya tsere mishi nesa ko an kai shi 4.5 GHz. Windows 11 ba ta lissafa shi cikin waɗanda take karɓa ba, Windows 10 kuma Microsoft ta tsaida kulawa da ita ta kowa da kowa ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk wanga dalili ne na taya shi da arha. Ku ƴan uwa na waje, kafin ku biya kuɗin jirgi ko na kwantena, ku gwada da na sayen injin da ya fi shi ƙuruciya.

Wanda ke da shi a hannu yana jin ya yi nauyi, sau da yawa ba furosesa ne mai laifi ba, tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. A sa faifan SSD, a kai RAM 8 GB ko 16, a hure ƙura, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da fanka a shafa sabo. Wannan canji ya fi na obaklok fitowa fili, daga kunnawa za a gani. In da sauran kuɗi, ondilar ya fi babbar fanka amfani.

Matashin da ya ce shi dai sai ya gwada, don koyo, ba mu hana shi ba. Ya fara buɗe CPU-Z ya tabbatar da sunan furosesa da lambar kart-mer, shi ne kuma abin da mai saye zai nemi a nuna mishi tun a shago. Ya hau sannu-sannu, 38, 40, 42, kowane mataki ya gwada da Prime95 yana kallon zafi a Core Temp. In ya ga ana wuce digiri 80, ya koma baya. Gwajin kuma da azahar za a yi shi, ba da asuba ba, kuma saitin da ya zauna lafiya a watan Janairu sai an sake duba shi in bazara ta shigo. In injin ya ƙi tashi gaba ɗaya, a zare waya daga bango, a cire ɗan batir mai kama da tsabar kuɗi da ke bisa kart-mer, a jira ƴan mintoci a maida shi, BIOS zai koma saitinshi na asali.