Amana, Jarin Fataken Gwanja

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka kira Al-Amin tun kafin a aiko shi, wanda kuma Nana Khadija ta damƙa wa dukiyarta ya kai Sham saboda gaskiyarsa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, yau za mu waiwayi fataucin kakanninmu, mu ga abin da ya riƙe shi.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga ƙasar Hausa da rani, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu. Sukan ƙetare kogin Isa ta Yawuri ko Illo ko Gaya, su ratsa ƙasar Bargu, har su isa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Gana ta yau, inda ake kawo goro daga kurmin Asante. Tafiya ce ta watanni, madugu na jagora, malamin ayari na riƙe musu salla da addu'a. Cikin gwanayen wannan hanya akwai Agalawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Abzin yake.

To, a wancan zamani babu banki, babu kuma alƙali ɗaya da hukuncinsa ya game Kano da Salaga. Duk da haka attajiri yakan miƙa wa falke jari, ya yi masa addu'a, ba zai sake ganinsa ba sai bayan watanni. In falke ya isa, sai ya sauka wurin fatoma, mai masauki, wanda zai adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayar bashi, a biya la'ada. Kowane ɗayansu yana riƙe da dukiyar wani.

Shi goro kuwa ba ya jimre sakaci. Ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari ke nan, a naɗe cikin ganye, a riƙa kwancewa a hanya ana fitar da wanda sankara ta ci. Mai cusa ruɓaɓɓe ƙarƙashin mai kyau yana iya cin riba sau ɗaya, amma labarinsa zai bi ayari zango-zango, har ya rasa mai ba shi masauki, balle bashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A shekarar 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. Fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi. Rumfuna sun zama kufai, amma fataucin ya ci gaba a sababbin zanguna, domin abin da aka gina shi a kai, wato sanin wane ne mai cika alkawari, ya bi mutanen duk inda suka je.

A wannan makaranta Alhaji Alhasan Ɗantata ya taso. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, ya fara da goro. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanin Turawa ya riƙa ba shi kuɗi tun gaba ya sayo gyaɗa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Haka ma a Maraɗi, da yawa cikin alhazanmu na farko sun tashi ne da kuɗin gyaɗa da aka miƙa musu kafin kaka. Wa zai ba maha'inci kuɗi tun bai ga kaya ba?

Yanzu sai mu dubi kanmu. Muna azumi, amma wane hali tiyarmu take ciki? Ta saye da ta sayarwa ɗaya ce? Gero da sukarin da muka ɓoye don su yi tsada, bashin da muka ci muna kauce wa mai shi, duk rubuce suke. Allah Ya saukar da sura guda, Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya bar wa ƴaƴansa kanti tare da mummunan suna, bai bar musu jari ba.

Ya Allah Ka tsarkake cinikinmu, Ka sa albarka a awonmu, Ka ba mu ikon biyan haƙƙin mutane kafin watan nan ya fita. Amin.