Yadda kwanan wata ya taɓa kada NumPy

Ɗalibin lissafi da ke sammako daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, in ya ɗora manhajar lissafi ta NumPy, siga ta 2.0 ta Yunin 2024, a kan tsofaffin manhajojinsa, abin da zai tarar shi ne gargaɗi cewa kayan da aka haɗa da tsohuwar siga suna iya durƙushewa. Sai ya hau zargin kwamfutarsa. Ciwon ya girmi kwamfutar.

Farkon labarin gajere ne. Jim Hugunin ya fara manhajar Numeric a 1995, masu kula da na'urar hangen taurari ta Hubble suka ƙirƙiro numarray, Travis Oliphant ya haɗe su, NumPy 1.0 ta fito a Oktoban 2006.

Inda ya kamata a tsaya shi ne Disamban 2009. A siga ta 1.4.0 aka cusa sabon nau'in bayanai na kwanan wata da lokaci, alhali aikinsa bai nuna ba. Shigarsa ta sauya jerin kayan cikin da aka rubuta da harshen C. SciPy da sauran manhajojin da aka haɗa da siga ta 1.3 suka ci gaba da neman abu inda suka saba samunsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, suka damƙo wani daban, suka mutu nan take. Duk maginin birni ya san ba a aza azara a kan ɗanyen tubali. Aka yi ta ja-in-ja, har a Afrilun 2010 aka fitar da 1.4.1, babu kwanan watan.

Wasu na ɗora laifin kan harshen C, wasu kan cewa masu aikin 'yan sa-kai ne. Ban yarda ba. Da C ɗin nan, da mutanen nan, aka gyara ɓarnar cikin wata huɗu, kuma maganin bai wuce cire abin da bai kammalu ba. Gaggawa ce kawai. Shaida ita ce 2011, da aka shigar da alamar gurbin bayanan da suka ɓace, gardama ta ɓarke, aka tumɓuke ta kafin 1.7 ta fito a Fabrairun 2013. Wannan karon ba wanda ya ji rauni.

Sauyin 2024 kuwa da gangan aka yi shi, an kuma sanar tun da wuri. Mai aikin digiri, rubuta lambar sigar da kake amfani da ita, kada ka sabunta sai ka kare aikinka.