Takarda ko Tebur: Ina Ake Gwada Ƙagaggiyar Duniyar Wasan Taka-Rawa?

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda masu ƙera duniyoyin almara domin wasan taka-rawa na kan tebur ke neman ra'ayi a kan aikinsu. Ta dogara da tarihin wasu fitattun duniyoyi daga 1966 zuwa 2014 wajen nuna cewa mai karatu da ɗan wasa ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma ɗan wasa ne ke iya shaidar ko duniyar ta yi aikin da aka gina ta dominsa.

Wasan taka-rawa na kan tebur da baki ake yin sa. Mutum huɗu ko biyar ke zama, ɗayansu jagora mai bayyana gari da daji da mazaunansu, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai aikata, a jefa ƙwaya mai lambobi a ga ko ya yi nasara. Tun da kamfanin TSR ya fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, jagorori da dama ba su tsaya kan duniyoyin da ake sayarwa ba. Sukan ƙera tasu a gida, da taswira da sarakuna da addinai da tarihin dubban shekaru, sannan su miƙa rubutun ga wasu su ce a duba. Wanda aka miƙa wa zai yi magana ne a kan abin da ke gabansa: daɗin sunaye, tsarin tarihi, ko kogin da aka zana yana hawa tudu. Duk wannan gyara ne mai amfani, amma bai taɓa babbar tambayar ba, wato me jarumai za su yi a wannan duniya daren farko, kuma me zai sa su dawo mako mai zuwa.

Duniyoyin farko da kansu suna ba da shaida. Dave Arneson ya fara Blackmoor a 1971 a yankin Minneapolis da ƙaramin gari da fada da kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Gary Gygax ya bi sahu a 1972 da fadar Greyhawk, 'ya'yansa biyu ne ma suka fara shiga cikinta. Birnin da ke kusa da fadar ya girma ne saboda 'yan wasa na bukatar inda za su sayar da ganima su huta, kuma sai a 1980 aka buga littafin da ya shimfiɗa taswirar ƙasashen gaba ɗaya. Matsafa irin su Tenser da Mordenkainen, waɗanda har yau sunayensu ke jikin dokokin wasan, asalinsu jaruman da aka yi wasa da su ne a tebur. Ke nan buƙata ce ta riƙa jan ginin, rubutu na biye.

Binciken Gary Alan Fine, masanin zamantakewa da ya zauna cikin 'yan wasan Minneapolis ya wallafa Shared Fantasy a 1983, ya bayyana dalili. Ya nuna cewa wanda ke tebur yana kai da komowa tsakanin matsayi uku: shi mutum ne cikin abokai, ɗan wasa ne mai lissafin doka, kuma jarumi ne a cikin labari. Mai karanta rubutun duniya ba ya ko ɗaya daga cikin ukun. Ba a tambaye shi ya zaɓi ɓangare a rikicin gadon sarauta ba, ba kuma zai tuna sunan waziri bayan awa uku na surutu da dariya ba. Shi ya sa shafi goma na tarihin daular da ta rushe zai iya burge shi, alhali a tebur babu wanda zai waiwaye shi sai in wani abu daga daular ya faɗo hannun jarumai.

Za a ce ai akwai duniyoyin da suka rigayi tebur. Gaskiya ne. Greg Stafford ya fara Glorantha a 1966, Ed Greenwood ya fara Forgotten Realms yana yaro, M. A. R. Barker kuwa, masanin harsuna a Jami'ar Minnesota, ya shafe shekaru yana gina Tékumel da harsunanta kafin Empire of the Petal Throne ya fito a 1975. Sai dai a lura da abin da Barker ya yi da lokacin wasa ya zo. Ya sa jarumai su fara a matsayin baƙi da suka sauka a tashar jirgin ruwan Jakálla, ba su san al'adar gari ba, domin jahilcin ɗan wasa ya zama jahilcin jaruminsa. Zurfin duniyar ya zama katanga, sai da aka huda mata ƙofa. Greenwood ma da guntu-guntu ya riƙa fitar da tasa a mujallar Dragon daga 1979, yana kuma jagorantar wasa a cikinta shekaru kafin TSR ya buga ta a 1987.

Hujja ta biyu da masu ja za su kawo ta fi ƙarfi a ido: a takarda aka zaɓi duniyar Eberron. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast ya buɗe gasa, aka aiko da duniyoyi sama da 11,000, ta Keith Baker ta yi nasara, aka buga ta a 2004. Amma shafi ɗaya tak aka yarda kowa ya aiko a zagayen farko, kuma daga cikin abin da aka tambaya akwai su wane ne jarumai da abin da suke yi. Alƙalan sun yi karatu ne da idon jagora. Eberron ta kuma bar gurbi da gangan: ba a faɗi abin da ya hallaka ƙasar Cyre ba, an bar wa kowane tebur ya yanke. Marubucin labari zai ga wannan a matsayin giɓi. A wasa kuwa ita ce kyautar da ta fi kowacce tsada.

Ƙorafin da ya fi cancantar amsa shi ne cewa 'yan tebur abokai ne, kaɗan ne, kuma kunya ba za ta bar su su ce abin bai yi ba. Mai ƙirar gida ba shi da mutum sama da 175,000 da Wizards ya ce sun shiga gwajin dokokin Dungeons & Dragons da suka fito a 2014. Wannan rauni ne na gaske, kuma a nan mai karatu na waje ke da muhimmanci. Shi zai gane tufka da warwara a tarihi, shi zai ce an kwaso al'adar wasu mutane na zahiri an mayar da su dodanni, shi zai faɗa wa maƙerin cewa abin da yake zaton sabo ne an sha yi, cutar da wani marubuci, Ron Edwards, ya yi rubutu a kanta a 2002. Game da kunyar abokai kuwa, maganinta a daina tambayarsu ko sun ji daɗi, a koma lura da abin da suka aikata: wane suna suka riƙe ba tare da an tuna musu ba, wace hanya suka ƙi bi, a kan me suka yi gardama bayan an tashi. Gwajin da ya fi tsanani shi ne a miƙa rubutun ga wani jagora ya gudanar da wasa da mutanen da ba su san maƙerin ba, shi kuma ya zauna gefe ba ya cewa uffan. Duk inda jagoran ya tsaya yana juya shafuka yana neman abin da zai faɗa, a nan rubutun ya gaza, kuma daga wannan shafin za a fara gyara.